Littafin Lukas da Babin da Ya Rage

Cikin 1985 J. Anthony Lukas ya fitar da littafinsa, Common Ground, kan rigimar makarantun Boston ta Amurka. Rigimar ta ɓarke a 1974, sa'ad da Alƙali Garrity ya hukunta a riƙa kwasar yara a mota don a gauraya Baƙaƙe da Farare. Marubucin ya iya ba da labari, amma fa akwai gyara. Louise Day Hicks, wadda ta shugabanci hukumar makarantu tana musun wariya, ya ba ta babi guda. Ruth Batson kuwa, wadda ta kai ƙarar iyaye Baƙaƙe gaban hukumar nan tun 1963, ba ta sami babi ba. Mai karatu sai ya zaci alƙali ne ya tono maganar, alhali iyaye sun shekara 11 suna kuka.