Bututu dubu takwas, da hannun da zai kula da su

A watan Satumba na 2025, cocin Trinity da ke bakin titin Wall Street a birnin New York ya ƙaddamar da sabon ogan, kayan kiɗa mai bututu sama da 8,000, aikin da ya lashe kusan dala miliyan 17. Wannan coci ya sha gwagwarmaya da ogan. Ranar 11 ga Satumba 2001, da tagwayen dogayen benayen birnin suka rufto, ƙura da toka sun cika ginin, suka shige cikin tsohon ogan ɗinsa suka lalata shi. A 2003 aka kawo na lantarki daga kamfanin Marshall & Ogletree, mai fitar da sautin da aka naɗo daga bututai na gaske ta cikin tarin lasifikoki. Ya yi suna ƙwarai, har wasu suka ɗauka kwanan bututu ya ƙare. Kimanin shekara goma sha biyar yana aiki. Amma da cocin ya tashi gyaran gininsa, sai ya koma wa iska da ƙarfe da katako: ya ba kamfanin Glatter-Götz na Jamus kwangila, tare da Manuel Rosales na Los Angeles wanda ya tsara muryoyin.

Kafin nan, a 2018, cocin Saint Thomas da ke titin Fifth Avenue a birnin ya kafa nasa sabon, mai bututu 7,069, a kan dala miliyan 11, aikin kamfanin Dobson na jihar Iowa. Manyan majami'u biyu ke nan a gari ɗaya, cikin shekara bakwai, a zamanin da kwamfuta ke iya kwaikwayon kusan kowane sauti. Ni dai ina goyon bayan wannan komawa, kuma da zuciya ɗaya. Sai dai goyon bayana yana da sharaɗi, wanda ba kasafai ake ambatonsa ranar yanka ƙyalle ba.

Wanda bai taɓa leƙa cikin ogan ba zai zaci bututan nan masu ƙyalli da ke fuskantar jama'a su ne duka. Waɗannan fuska ce kawai. A bayansu akwai ɗaki guda, wani lokaci hawa biyu ko uku, da tsani da 'yan hanyoyin da mutum ɗaya ke bi a karkace. Kowane bututu murya ɗaya tak yake da ita. Jerin madannai na hannu yawanci 61 ne, don haka launin sauti guda yana bukatar bututu 61. Idan kana son launi ɗari, sai ka yi lissafi. Babba cikin bututan kan kai ƙafa 32, kusan mita goma, kuma sautinsa ya yi ƙasa har ƙirji da ƙafa sun fi kunne jin sa. Ƙaraminsu bai kai fensir ba. Iri biyu ne: mafi yawa iska ce ke tsagewa a bakinsu kamar sarewa, sauran kuma suna da harshen tagulla mai karkarwa, irin yadda bakin algaita ke yi. Ana zuba na ƙarfen da gamin kuza da dalma, a shimfiɗe narkakken a kan dogon tebur ya zama falle, a yanka, a naɗe, a liƙe da hannu. Injin hura iska yana cika zugazugai masu fatar tumaki, su kuma su riƙe iskar a ma'auni ɗaya a ƙarƙashin bututan, tana jiran yatsa.

Ƙera wannan duka yakan ci shekaru a masana'anta. Sai a harhaɗa shi a can a gwada, a wargaza, a zuba a akwatuna, a kai coci a sake ɗaurawa. To, a nan ne aikin da ya fi burge ni yake farawa, wato gyaran murya. Mutum biyu ne. Ɗaya yana zaune a gaban madannai ya danne guda ya riƙe, ɗayan yana can sama a cikin ɗakin bututai, a durƙushe, da 'yar wuƙa da ɗan ƙarfe mai tsini. Ya zare bututu, ya ɗan buɗe ramin gindinsa don iska ta ƙaru, ko ya ƙwanƙwasa shi ya tsuke, ya taɓa leɓensa da abin da bai kai kaurin gashi ba, ya mayar. Na ƙasa ya saurara daga inda jama'a za su zauna, ya ce a ƙara ko a rage. Sai na gaba. Haka za a bi dubbai, ɗaya bayan ɗaya. A Notre-Dame ta Paris, bayan gobarar 15 ga Afrilu 2019, wuta ba ta ci babban ogan ba, amma ƙurar dalma daga rufin da ya narke ta lulluɓe bututansa kusan 8,000. An sauke su a 2020, aka wanke, aka mayar, sannan masu gyaran murya suka yi watanni suna aiki da dare, domin da rana hayaniyar magina ba ta barin kunne ya ji. Sai 7 ga Disamba 2024 jama'a suka sake jin sa.

Wannan ne dalilina na farko. Ogan mai bututu ana yanka shi ne daidai da ɗakin da zai zauna, da tsawon rufinsa da irin dutsen bangonsa da yadda amo ke dawowa. Idan jama'a suka miƙe za su rera waƙa, iskar da ke fita daga bututu dubu tana motsa iskar ɗakin gaba ɗaya daga wurare dubu, ta tallafi muryoyin mutane daga ƙasa. Lasifika, komai kyanta, daga 'yan wurare take turo sauti. Ba na raina na lantarki. Tun da Hammond ya fito a 1935, da na kamfanin Allen mai aiki da kwamfuta a 1971, ƙananan majami'u masu yawa sun sami kiɗan da ba su da halinsa a da, kuma ɗalibi yana iya koyo a ɗakinsa. Amma kayan lantarki suna tsufa da saurin kayan lantarki. Bayan shekara ashirin ko talatin sai a nemi kayan gyaransu a rasa. A cocin Valère da ke garin Sion a Suwizalan akwai ogan da aka ƙera wajen 1435, har yau ana kaɗa shi. Fata ta ruɓe a sake ta, katako ya tsage a ɗinke shi, domin babu wani abu a ciki da hannun ɗan Adam ba zai iya sake yi ba.

Za a ce, dala miliyan 17 a garin da mutane ke kwana a bakin titi? Tambayar tana da nauyi, ba na kauce mata. Trinity coci ne mai dukiyar biliyoyin daloli, albarkacin filin da Sarauniya Anne ta Ingila ta ba shi a 1705, kuma yana kashe kuɗi masu yawa a kan taimako. Bai hana wani abinci don ya sayi bututu ba. Kuma kuɗin ogan yawancinsa ladan hannu ne, na kafinta da maƙeri da mai sarrafa fata da mai gyaran murya, shekara da shekaru. Idan aka raba shi a kan ƙarni guda na ibada da kiɗan da kowa ke shiga ya ji, sai ya daina kama da almubazzaranci. Inda hujjar ke faɗuwa shi ne cocin da zai ci bashi ko ya matsa wa talakawansa don ya yi gasa da maƙwabci. Wannan kam ba zan kare shi ba.

Sharaɗin da na ambata shi ne mutane. Ogan yana numfashi da yanayi: zafi ya ƙaru, muryar bututu ta hau, sanyi ya sauko, ta sauka, kuma masu harshen tagulla ba sa tafiya daidai da sauran. Dole wani ya riƙa zuwa yana saita shi, dole a sami mai kaɗa shi da hannu biyu da ƙafa biyu, wanda ya yi shekaru yana koyo. Masu ba da gudummawa suna son a rubuta sunansu a jikin katakon da ake gani. Albashin makaɗi da kuɗin koyar da yaro ba su da allon suna, shi ya sa su ake fara yankewa. A Ingila da Amurka majami'u suna rufewa, ana neman mai karɓar tsofaffin ogan masu kyau kyauta, wasu su ƙare a wurin 'yan gwangwan. A 2022 wata ƙungiyar ceton ogan a London ta kai ɗaya tashar jirgin ƙasa ta London Bridge, inda duk mai wucewa zai iya zama ya taɓa. Abin sha'awa ne, amma yana nuna inda kayan ke ƙarewa idan jama'arsu ta watse.

Su ma maƙeran ba su da yawa. Kamfanin Dobson yana wani ɗan gari ne, Lake City, mai mutane ƙasa da 2,000. A watan Yuni na 2021 gobara ta cinye masana'antarsu, har da aikin ogan ɗin da suke yi wa cocin Saint James na Sydney a Ostireliya. Gini da kayan aiki sun tafi, ma'aikatan suna nan, sai suka sake daga farko, aka kafa shi a Sydney a 2024. Jamus ce ta fi kowa gane wannan: tana da ogan kusan 50,000 da masana'antu wajen 400, da tsarin koyon sana'a a hannun ubangida, har UNESCO ta sa ƙira da kiɗan ogan na ƙasar cikin gadon al'adun duniya a 2017.

A Najeriya ma misalin yana nan. Babban cocin Anglican na Marina a Legas yana da katafaren ogan na kamfanin Oberlinger na Jamus, amma abin da ya ba wurin daraja shi ne Thomas Ekundayo Phillips, wanda ya riƙe kiɗan cocin daga 1914 zuwa 1962, ɗansa ya gaje shi, kuma a hannunsa Fela Sowande da Ayo Bankole suka taso. Sowande ya ɗauki waƙoƙin Yarabawa ya tsara su don ogan, ya kai su har Ingila da Amurka. Kujerar makaɗi ce ta haifi wannan, da wanda ya zauna a kanta kusan shekara hamsin yana jan yara kusa da shi.

Idan wani babban coci a Jos ko Kaduna ya tambaye ni ko ya bi sahun New York, zan fara da hunturu. Iskar da ke fasa leɓe tana fasa katako, tana busar da fata, ƙurarta kuma tana toshe bakin ƙaramin bututu. Ga wutar lantarki da injin iska ke bukata, ga mai gyara da sai an ɗauko daga nesa. Sannan majami'un arewa ba su rasa murya ba. Duk wanda ya ji zumuntar mata da tulu da ganga da caki ya san ɗakin yana cika. Ko babban taron Vatican na Biyu, da ya ɗaukaka ogan mai bututu a takardarsa ta 1963 kan ibada, a wannan takardar ya ce a ba kiɗan gargajiyar kowace al'umma matsayinsa. Cocin da ya ji lalle yana so, sai ya fara tura matasa biyu koyo, ɗaya kiɗa ɗaya gyara, ya nemi matsakaicin tsohon ogan daga waɗanda ake zubarwa a Turai, ya sa maƙeri ya shirya shi don busasshen yanayi, kuma ya ware kuɗin kulawa na shekara ashirin tun kafin akwatin farko ya sauka a tashar Apapa.