A'ishatu Mindaudu: me muke yabo, me muke tsallakewa?

Kowace shekara ran 13 ga Mayu, ranar matan Nijar da ta samo asali daga jerin gwanon da mata suka yi a Yamai a 1991, sunan A'ishatu Mindaudu ba ya ɓacewa a bakin malamai. Daga Agye zuwa Gazawa da Gidan Rumji, idan za a kwaɗaita wa ƴan mata karatu, ita ake kawowa misali. Yabon ya cancanta, amma yadda muke yinsa ya yi arha. Mukan jera muƙamai kamar ƙirgar carbi, mu rufe littafi.

Muƙaman kuwa suna da yawa. Ta shiga gwamnati a 1995, ta riƙe ma'aikatar harkokin waje a lokacin riƙon ƙwaryar Wanke a 1999, ta sake komawa daga 2001 har juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010. Daga nan Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura ta Darfur, sannan ta shugabanci tawagarta a Kodibuwa daga 2013 zuwa 2017.

Aikin da ya fi dacewa a koyar a aji shi ne wanda ba a cika ambata ba: shari'ar iyaka da Benin. Ita ce wakiliyar Nijar a gaban Kotun Duniya, kuma hukuncin 12 ga Yuli 2005 ya tabbatar wa ƙasarmu tsibirin Lete, bayan gardamar da ta faro tun farkon samun ƴanci. A nan iliminta na shari'a ya yi rana. Da takardun zamanin mulkin mallaka aka ci wannan nasara, ba a zubar da jini ba, kuma ɗalibar da ke fama da nahawun Faransanci tana da haƙƙin ta san haka.

Sai dai a daminar wannan shekarar ce yunwa ta cika cibiyoyin kula da tamowa a jihar Maraɗi, gwamnatin da take wa magana a waje kuwa tana musun kalmar yunwa. A 2009 kuma, da Shugaba Tanja ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki don tazarce, har CEDEAO ta dakatar da Nijar, ita ke riƙe da ma'aikatar da aka ɗora wa kare matakin a idon duniya. Ba ta sauka ba. Maza da dama ma ba su sauka ba, amma su muna tuhumarsu a hira. Ita kuwa mukan yi shiru saboda kara, wai kada a ɓata wa yara abin koyi. A ganina wannan shirun raini ne da aka lulluɓe da ladabi. Ministar da ta shafe kusan shekara goma kan kujera ɗaya ta isa a auna ta da mudun da ake auna Hama Amadu ko Seyni Umaru.

Ƙungiyoyinmu na al'adu, da suka iya shirya wasan kwaikwayo kan auren wuri, za su iya shirya muhawara kan Lete da tazarce a zama guda, ƴan matan sakandare su yi alƙalanci.