Jinjina ga Masu Jinyar 'Yan Sikila a Mora

Yaron da aka haifa da sikila a Mora kan tashi ne a hannun nas-nas na sashen yara. Sun san kukansa, sun san lokacin da ciwon ƙashi ke tasar masa, musamman a zafin Maris da Afrilu, lokacin da jiki ke bushewa. Da ya kai wajen shekara 15, sai a ce ya koma layin manya, inda ba wanda ya san shi, uwa kuma ta daina magana a madadinsa.

A nan ne aikin nas na ƙwarai ke fitowa. Tun kafin ranar, takan zaunar da shi: "Ɗana, katinka na asibiti ga shi, kai za ka riƙe. Faɗa mini sunan maganinka." Ta koya masa shan folik asid kullum, yawan shan ruwa, kwana cikin gidan sauro, da gane zazzaɓin da ba a kwana da shi a gida. Idan abin ya fi ƙarfin asibitin Mora, ta rubuta tarihinsa dalla-dalla zuwa Marwa, kilomita kusan 60.

Zancen gwajin jini kafin aure ma, wanda iyaye ke jin nauyinsa, sau da yawa ita ke buɗe shi.