Rawar da ta ɓace shekara 74: nawa ne na Nijinsky a ciki?

Idan ka shiga YouTube ka nemi rawar Le Sacre du printemps, za ka ci karo da maza da mata cikin riguna masu zane, sun karkatar da ƙafafu ciki, suna dukan ƙasa da dunduniya. Sau da yawa za ka ga an maƙala sunan Vaslav Nijinsky da shekarar 1913. To ka sani, babu wanda ya ɗauki wannan rawa a fim a 1913. Abin da kake kallo ya samo asali ne daga binciken digirin digirgir na Millicent Hodson a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley.

An fara nuna rawar a Paris ranar 29 ga Mayu, 1913, da kiɗan Igor Stravinsky. Labarinta na wata al'umma ce ta zamanin da a Rasha, wadda ke zaɓen budurwa ta yi ta rawa har ta mutu. 'Yan kallo suka yi ta ihu da hayaniya. Ba a nuna ta ko sau goma ba aka jingine ta, a 1920 kuma Léonide Massine ya tsara wata sabuwa a kan kiɗan. Nijinsky ya kamu da taɓin hankali, ya rasu a 1950.

Da me Hodson ta yi aiki? Akwai zanen da Valentine Gross ta yi tana zaune cikin 'yan kallo. Akwai 'yan hotuna, da sharhin jaridu, da rigunan da Nicholas Roerich ya tsara, waɗanda Kenneth Archer ya bi diddiginsu. Akwai takardar kiɗa da Stravinsky ya yi wa rubutu a gefe, da wata ta Marie Rambert, wadda ta taimaka wa Nijinsky wajen ƙirga kiɗan lokacin atisaye. Hodson ta samu zantawa da Rambert kafin rasuwarta a 1982. Ta ɗora waɗannan hujjoji kan kiɗan gaɓa-gaɓa, sannan kamfanin rawa na Joffrey ya nuna sakamakon a Los Angeles a 1987.

Aikin ya cancanci yabo. Kafin shi, labarin hayaniyar 'yan kallo da na kiɗan ne suka fi yawo. Hodson ta sa an gani da ido yadda Nijinsky ya juya wa ƙa'idar rawar bale baya: maimakon miƙewa da tashi sama kamar tsuntsu, sai nauyi da dunƙulewa da faɗowa ƙasa.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Zane yana kama tsayuwa guda ne. Zai nuna maka hannu a sama, wani zanen ya nuna shi a ƙasa, amma yadda ya sauko, da sauri ko a hankali, da taushi ko da fizga, babu shi a takarda. Rawar kuwa a nan take. Tilas mai bincike ya cike giɓin da hasashe, kuma hasashen zai ɗauko ɗabi'ar jikinsa da horon masu rawar zamaninsa. Haka ma tunanin Rambert: dattijuwa ce ke tuno abin da ya faru fiye da shekara sittin baya.

A littafinta na 1996, Nijinsky's Crime Against Grace, Hodson ta baje hujjojinta, mai karatu na iya bi ya auna. A dandamali kuwa ɗinkin ba ya fitowa. Taku mai hujja uku da takun da aka yi hasashensa duk ana yin su da ƙarfi ɗaya. Har a 2013 kamfanin Mariinsky ya nuna wannan aiki a gidan da aka fara rawar, don cikarta shekara 100, kuma da wuya ɗan kallo ya iya bambance na Nijinsky da na Hodson.

Kwatanta da wata rawar tasa, L'Après-midi d'un faune. Wannan shi da kansa ya rubuta ta da alamomin da ya tsara, daga baya Ann Hutchinson Guest da Claudia Jeschke suka warware su. Duka biyun ana ce musu farfaɗowa, alhali nauyin hujjarsu ba ɗaya ba ne.

Wannan matsala tana jiran duk ɗalibin da zai shiga tarihin rawa, har da namu. Mai son sanin yadda ake rawar bori shekara ɗari baya zai dogara da irin littafin Tremearne na 1914, The Ban of the Bori, wato idon baƙo, sai bakin tsofaffi, sai jikin masu yi a yau. Zai fi masa alheri ya nuna wa mai karatu ƙarara: nan na gani a rubuce, nan aka faɗa mini, nan kuma ni na ɗinke.

Don haka ka kalli rawar, ta isa kallo. Ka dai riƙe a ranka cewa sunaye biyu ne a kanta, da shekaru biyu: 1913 da 1987.