Siket ɗin da Ƙafa ta Yi ta Ragewa

Ranar Lahadi, idan kasuwar Illela ta cika, leƙa wajen masu gwanjo lokacin da suke kwance dila. Cikin tulin kayan yara da wuya ka rasa wani ɗan siket na raga, fari ko ruwan hoda, a baje kamar an kife faifai. Uwa takan ɗaga shi ta jujjuya, ta ga ko cinya ba zai rufe ba, ta ce sai dai yarinya ta haɗa da wando ranar Sallah. Sunansa a inda ya fito "tutu". Mai karatu ya yi haƙuri, ba ni na raɗa ba. Su ma Faransawan, an ce daga kalmar da yaransu ke kiran mazaunai suka samo shi, ashe dai ba mu yi wa juna nisa ba.

Tufar 'yan rawar bale ce, rawar da ta girma a fadar Faransa. Sarki Louis na 14 da kansa ya taka ta, ya kuma kafa mata makaranta a 1661. A lokacin, da kayan fada ake rawa: riguna masu nauyi har ƙasa, takalma masu tsini, sai a yi ta takawa a hankali kamar hakimi ya sha alkyabba. Wajen 1730 Marie Camargo ta ga tana wahalar banza, tana tsalle tana haɗa dugadugai a sama amma riga ta ɓoye gwanintar. Sai ta rage tsawon har idon sawu ya fito, gari ya ɗauka.

Tutu na ainihi ya bayyana a Paris a 1832, ranar da Marie Taglioni ta fito a wasan La Sylphide a matsayin aljanar iska. Farar tufa ce shara-shara, an jera ta hawa-hawa, ta tsaya a tsakiyar ƙwauri, don a ga matar tsaye kan 'yan yatsun ƙafa kamar ba ta taɓa ƙasa. Sai dai fitilun gas ne jere a bakin dandamali, wannan yadi kuwa da wuta kamar audugar rimi ne. Akwai maganin da ake tsoma shi ciki don kada ya kama, amma yakan sa ya yi tauri ya dushe. Emma Livry, ɗalibar Taglioni, ta ƙi, har ta sa hannu a takarda cewa ta ɗauki alhakin kanta. A Nuwamban 1862 ana gwaji siket ɗinta ya taɓa fitila. Ta yi wata takwas tana jinya, ta rasu a Yulin 1863 tana da shekara 20. Wasu kan ce tsabar son sana'a ne. Ni dai na fi ganin laifin 'yan kallo da masu gidan wasa, waɗanda suka saba wa yarinya cewa tufa mai tauri ta fi wuta abin tsoro.

Daga nan sai ragewa. A 1895, a birnin St. Petersburg na Rasha, Pierina Legnani ta juya sau 32 a kan ƙafa ɗaya a wasan Swan Lake. Irin wannan ba ya yiwuwa da tufa mai harɗe gwiwa, shi ya sa tutu ya haye ƙugu ya baje, har ana sa masa zoben waya ciki. A 1950 Barbara Karinska ta cire wayar a New York, ta rage hawa, ya koma mai laushi.

Wanda ya taɓa tsallakawa Ƙonni ta Nijar kallon kokawa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ɗan kokawa kan tuɓe babbar riga ya ɗaura warki, don kada abokin karawa ya sami abin riƙo, alƙali kuma ya ga gwiwa idan ta taɓa ƙasa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi ta Nijar a Tawa, gajeren wando ya shigo, amma layu da guraye suna nan. Bambancin da na fi lura da shi na tsakanin ido da kunne ne. Bature ya yanke riga don a ga ƙafa, takalmin ma an so ya sauka shiru. Mu kuwa ɗan rawarmu, ko ɗan koroso na Kano ne, akayau yake ɗaurawa don a ji ƙafar. Idan ya kuskure kiɗa, na bayan fage ma ya sani ba sai ya hango ba.

Rawar bale ɗin ma ta iso wajenmu. A 2020 bidiyon Anthony Madu, yaro ɗan shekara 11, ya zaga duniya daga Legas: yana bale cikin ruwan sama a kan siminti, babu ko takalmi. Siket ɗin gwanjon nan kuwa, uwar ta taya, aka sallama, ta ce za ta kai wa tela ya ƙara masa tsawo.