Aljani Ne Ya Kashe Ta, Ko Ubanta? Darasi Daga Gardamar 'Yan Kallo

A hutun ƙarshen zangon karatu da ya wuce, wasu daga cikinmu 'yan wannan ƙungiya mun riƙa haɗuwa duk Asabar bayan La'asar a gidan wani ɗan'uwa marubuci da ke Nassarawa, can wajen Filin Sukuwa, muna kallon wani tsohon wasan kwaikwayon talabijin na ƙasar Amurka mai suna Twin Peaks. Dalili kuwa shi ne, tun da tashar Arewa24 ta soma nuna Daɗin Kowa a 2015, sannan Kwana Casa'in a 2019, hankalin matasan marubutanmu ya karkata ga wasanni masu dogon zango, kuma da yawansu sun zo mana da labaran da suka haɗa kisan kai da aljanu ko tsafi. Sai muka ga ya kyautu mu duba yadda wasu suka yi irin wannan haɗin gambiza kafin mu, da kuma yadda 'yan kallonsu suka karɓe shi.

David Lynch da Mark Frost ne suka ƙago wasan, tashar ABC ta fara nuna shi a watan Afrilu na 1990. Labarin ya buɗe da tsintar gawar wata 'yar makarantar sakandare, Laura Palmer, a bakin ruwa, an naɗe ta cikin leda. Aka turo jami'in bincike na hukumar FBI, Dale Cooper, don ya gano wanda ya yi wannan aika-aika. Mutum sama da miliyan 30 suka kalli kashi na farko, kuma tambayar wanda ya kashe Laura ta zama abin taɗi a ofisoshi da gidajen abinci. Shi Cooper yana bin sawu yadda aka saba, wato ya karanta littafin sirrin yarinyar, ya binciki gawa har ya zaro wani ɗan ƙanƙanen harafi daga ƙarƙashin farcenta. Amma kuma yana aiki da mafarki, har akwai inda ya sa ana kiran sunayen waɗanda ake zargi yana jifan kwalba da dutse, wanda da a nan ne da mun ce bugun ƙasa yake yi.

Maƙagan wasan ba su so su bayyana makashin da wuri ba, tashar ce ta matsa musu. A watan Nuwamba na 1990 aka fasa ƙwai: uban yarinyar ne, Leland Palmer, lauya mai mutunci a gari, amma wani mugun iska mai suna Bob ne ke shiga jikinsa. Daga nan 'yan kallo suka riƙa zamewa, har tashar ta dakatar da wasan a farkon 1991. Masoyansa na gani-kashe-ni suka yi ta aika wasiƙu, aka dawo da shi ya ƙarasa, ya tsaya a watan Yuni na shekarar bayan kashi 30. Sai a 2017 aka ɗora masa wani sabon zango mai kashi 18.

Ranar da muka iso wurin da aka tona asirin, falon nan ya kaure da gardama har aka kira Magariba, kuma jama'a suka rabu gida uku. Na farko suka ce an yaudare su. A cewarsu, labarin bincike tamkar wasan dara ne tsakanin marubuci da ɗan kallo, kowa na ƙirga 'ya'yansa, to idan a ƙarshe marubuci ya ce iska ce ta kwashe 'ya'yan, ai wasa ya ɓaci. Na biyu suka ce babu yaudara, domin tun a kashin farko-farko an nuna uwar yarinyar ta hango Bob a ɗakin 'yarta, an kuma nuno shi a mafarkin Cooper. Suka ƙara da cewa Bahaushe shi ne na ƙarshe da zai yi mamakin iska ta shiga mutum.

Ra'ayi na uku wata malama ce ta kawo shi, wadda ta daɗe tana koyar da 'yan mata. Ta dubi mai masaukinmu ta ce, "Malam, ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Mutum ya lalata 'yar cikinsa, ya kashe ta, sannan ya mutu a hannun jami'i ana lallashinsa kamar shi aka zalunta. Wa zai ɗauki alhakin yarinyar?" Ta ce a shekarun da ta yi a aji, yawancin yaran da aka cuta, wani na jikin gida ne ya cuce su, kuma da zarar magana ta fito sai dangi su ce sharrin Shaiɗan ne, a rufa asiri. Nan fa wuri ya yi tsit.

A namu nazarin, 'yan rukuni na biyu sun fi na farko gaskiya ta fuskar zubi da tsari, domin marubutan sun shuka aljaninsu tun da damina, ba ranar girbi suka tsiro da shi ba. Sai dai maganar malamar ita ce ta taɓa jigo, kuma ita ce raunin wasan na haƙiƙa. Akwai ma inda aka sa Cooper ya tambayi abokan aikinsa ko ya fi sauƙi su yarda cewa uba zai yi wa 'yarsa haka da hankalinsa, wanda ke nuna marubutan sun san ramin da suka haƙa. Da alama abin ya tsaya wa Lynch a rai, domin a 1992 ya fitar da fim mai suna Fire Walk with Me a kan kwana bakwai na ƙarshe na rayuwar Laura, inda aka ga uban da ƙazantarsa ta idon ita yarinyar. 'Yan kallon lokacin sun yi tir da fim ɗin, sai daga baya manazarta suka dawo suna yaba shi.

Abin sha'awa, magabatanmu sun riga sun warware wannan ƙulli tun shekarun 1930. A cikin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, sammu ne ya mai da Kyauta ɓarawo har ya kai ga kashe mahaifinsa, Malam Shehu, bai sani ba. Amma mai karatu ya san hannun da ya nemo sammun, wato Abubakar, ya san zafin raba shi da Zainabu da aka yi, ya kuma san ƙarfin dukiyar da aka yi amfani da shi wajen raba su. Asirin yana aiki ne a matsayin makami, kamar takobi ko guba, shi ya sa duk inda ka bi sawun laifin, a ƙofar mutum za ka tsaya.

To, ina muka kwana a yau? Duk mai kallon finafinanmu ya san bokan nan mai jan ƙyalle da ƙwarya da ƙaƙƙarfar dariya. Sau da yawa ba labari ne ke kiransa ba, marubuci ne zarensa ya sarƙe, sai ya aika tauraro wurin mai duba a faɗa masa sunan ɓarawo cikin minti biyu. Wannan lalaci ne, kuma ba a fasaha kaɗai ɓarnarsa ta tsaya ba. Labarin bincike makaranta ce da ke koya wa jama'a yadda ake tabbatar da laifi. Alƙali, ko na kotun shari'ar Musulunci ko na majistare, ba ya karɓar mafarki ko bugun ƙasa a matsayin shaida. A ƙasar da har gobe ake iya far wa tsohuwa da duka don wani maras lafiya ya ambaci sunanta cikin sambatu an ce mayya ce, marubucin da ya nuna cewa faɗar boka ta isa hujja ya ƙara wa wutar itace, ko da bai yi nufi ba.

Ba muna cewa a kori aljanu daga adabi ba ne. Suna cikin tatsuniyoyinmu, suna cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, kuma masu kallo na son su. Shawararmu ga matasa ita ce, duk wanda zai saka iska cikin labarin kisa, ya nuna ta tun farko, ya gindaya mata iyakar abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba, ya kuma tsaya kan wannan iyaka har ƙarshe. Ya bar jami'insa ya kama mai laifi da shaidar da za ta tsayu a gaban alƙali. Uwa-uba, kafin ya miƙa rubutunsa ga furodusa, ya tambayi kansa tambayar malamar nan: idan aka cire aljanin, akwai ɗan Adam da ya zaɓi ya yi mugunta, kuma labarin ya ɗora masa alhakinsa?

Mun san akwai waɗanda suka halarci zaman da har yanzu ba su sauka daga ra'ayinsu ba. Filin wannan mujalla a buɗe yake gare su a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace, amin.