Zaɓin yaro da zaɓin malami: nazari kan littattafan labari na lakwal

1. Gabatarwa

Tun shekarar 1973 da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa kafin Faransanci, ake fama da tambaya guda: wane littafi za a miƙa wa yaro bayan ya iya haɗa baƙi da wasali? Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi cikin lakwal, sa'an nan a watan Maris na 2025 aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Saboda haka tambayar ta ƙara nauyi, domin kuɗin ɗab'i kaɗan ne, kuma littafin da aka buga aka raba shi ne yara za su riƙe shekara da shekaru. Galibi malamai da masu tsara karatu ne ke zaɓe. Yaron da zai karanta ba safai ake jin ta bakinsa ba, in ma an ji, ba koyaushe ake fahimtar amsar ba.

2. Wahalar tambayar yaro

Abubuwa uku ke rage darajar amsar da yaro kan bayar in an ce masa wane littafi ya fi so. Na farko, yaro ba ya zaɓe sai cikin abin da ya taɓa gani. Ɗan ƙauyen da littafi ɗaya ya isa ajinsu zai ambaci wannan ɗayan, amma wannan ba ya nuna ƙauna. Na biyu, in mushe ne mai tambaya, yaro kan nemi amsar da za ta faranta masa, sai ya ce littafin na koyar da ladabi da biyayya. Na uku, in da Faransanci aka yi tambayar, amsar kan taƙaita ga kalmomin da yaron ya mallaka, wato ya faɗi abin da ya iya faɗa, ya haɗiye abin da yake ji.

Hanyar da ta fi amfani ita ce a roƙi yaro ya maimaita labarin da bakinsa, cikin harshensa. Abin da ya riƙe da abin da ya yar su ne hukuncinsa na gaskiya. Haka nan littafin da ya fi yagewa cikin akwatin aji yakan fi takardar tambayoyi faɗin gaskiya.

3. Littattafan da suka daɗe a hannun yara

Shaidar da ba ta da gardama ita ce daɗewa. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Magana Jari Ce, mai juzu'i uku, an buga shi a Zariya daga 1937 zuwa 1939, kuma tun asali don makaranta aka rubuta shi. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya biyo baya a 1951. Har yau ana sake buga su, suna kuma tsallako iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram.

Abin lura shi ne baƙuncin labari bai hana su karɓuwa ba. Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Indiya da na Turai. Iliya kuwa asalinsa jarumin Rasha ne. Abin da ya haɗa su shi ne kowane na da mai rauni da ya rinjayi mai ƙarfi, ko mai wayo da ya gamu da daidai shi. Aku, tsuntsu ƙarami, shi ke tsare ɗan sarki Musa da labari har dare ya ƙare, ya ɓata makircin Waziri. Alhaji Imam da Malam Zurƙe na ta ramuwar gayya, ba wanda ya bar wani. Iliya ya fara rayuwa gurgu. Wannan ginin yaro ya riga ya san shi daga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kuma shi kansa ƙarami ne cikin manya, don haka ya san ɓangaren da zai bi.

A nan ne littattafan da akan tsara musamman don koyarwa ke kasawa. Sau da yawa jaruminsu yaro ne mai biyayya wanda ke wanke hannu, ya dasa itace, ba ya kuskure, ba abin da ke barazana gare shi. Darasin na da kyau, amma babu dalilin juya shafi. Daɗin daɗawa, tsananin ƙayyade kalmomi kan kori amsa-kama da kirari da waƙar tsakiyar labari, alhali su ne abin da yaro ke fara riƙewa.

4. Inda zaɓin yaro bai isa ba

Duk da haka son yaro bai wanke littafi daga aibi ba. Jimlolin Imam dogaye ne, cike da karin magana da kalmomin Larabci. Ɗan aji biyu na jin daɗinsu in an karanta masa, amma ba ya iya ratsa su shi kaɗai. Sau da yawa abin da ya kira littafin da ya fi so labari ne da ya ji, bai karanta ba. Ga kuma bambancin kari: ɗan Adar ko Gobir da ke cewa "tahi" da "hwara" zai tarar da "tafi" da "fara", ya kuma ci karo da fam da sule, kuɗin da bai taɓa gani ba. Rubutun ma ya bambanta, don Nijeriya na rubuta 'y inda Nijar ke rubuta ƴ. Bugu da ƙari, jaruman littattafan nan uku duka maza ne. Yarinya ba ta samun kanta cikinsu sai a gefe.

5. Kammalawa

Abin da ya kamaci masu tsara aikin ɗab'i shi ne su ɗauki ginin labari daga abin da yara ke maimaitawa, su ɗauki ma'aunin jimla daga matsayin aji. Ana bukatar iri biyu: gajeru waɗanda yaro zai karanta da kansa, da dogaye waɗanda malami zai karanta wa aji. A bar wa jarumi kuskurensa da haɗarinsa, a ba ƴan mata jagoranci cikin wasu, kuma kada a kai littafi maɗaba'a sai an gwada shi gaban yaran jahohi daban daban, an ji yadda suka mayar da shi da bakinsu.